Inshorar da Ba Wanda Ya Tambaya: Waiwaye Kan Ɗaliban Waje a Birtaniya

Ranar 23 ga Yuni 2016 mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'ar raba gardama, suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai. Kafin gari ya waye hankalin baƙi sama da miliyan uku ya tashi. Faransawa ne da Jamusawa da 'yan Folan da Italiya da Sifaniya da sauransu, waɗanda suka shigo da fasfo kawai, ba biza, suka yi karatu, suka kama aiki, suka yi aure, suka hayayyafa. A da babu wanda ya damu da neman takardar zama, domin dokar Tarayyar ta ce duk ɗan ƙasarta da ya shekara biyar a jere bisa ƙa'ida a wata ƙasar Tarayyar ya sami izinin zama na dindindin, ko ya nemi takarda ko bai nema ba. To yanzu da ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafafunsu, kowa ya ruga neman shaida a hannu. Fom ɗin da ake cikewa shafi 85 ne, kuɗinsa fam 65.

Sai wasiƙu suka fara dawowa daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. An ƙi. Dalili kuwa shi ne wai a shekarun da mai nema ya yi yana ɗalibi ba shi da cikakkiyar inshorar rashin lafiya, saboda haka zaman nasa na wancan lokaci ba ya cikin lissafi. Wasu wasiƙun ma har da layin da ke cewa mutum ya fara shirin barin ƙasar. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa a wannan wasiƙar suka fara cin karo da sunan inshorar. Jami'a ba ta tambaye su ita ranar rajista ba, jami'in filin jirgi bai tambaya ba, likitan unguwar da suka yi shekaru suna zuwa wurinsa bai taɓa tambaya ba.

Wanda yake son ya gane yadda aka yi haka ta faru, sai ya koma baya sosai, zuwa hanyoyi biyu da Turai ta bi wajen biyan kuɗin magani. A 1883 Jamus, ƙarƙashin Bismarck, ta kafa dokar inshorar rashin lafiya ga ma'aikata: ma'aikaci ya zuba, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba, asusu ya biya likita. Ƙasashe da dama na nahiyar suka bi wannan sawu. A can kowa yana da asusun da yake ciki, yana da kati, yana da lamba. Har gobe jami'ar Jamus ba ta yi wa ɗalibi rajista sai an tabbatar mata da matsayin inshorarsa. Birtaniya kuwa wata hanya ta ɗauka. Ranar 5 ga Yuli 1948, a hannun ministan lafiya Aneurin Bevan, aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda ake ciyarwa daga harajin jama'a. Mara lafiya ba ya biya a bakin ƙofa, kuma abin da ke ba shi haƙƙin magani shi ne kasancewarsa mazaunin ƙasar. Ba a tambayar asusu, domin babu asusun.

Birtaniya ta shiga ƙungiyar Turai ranar 1 ga Janairu 1973. A wancan zamani 'yancin zirga-zirga na ma'aikata ne da masu sana'a. Sai a 1990 aka faɗaɗa shi ya haɗa da ɗalibai da 'yan fansho da masu cin gashin kansu, aka sake tsara dokar ɗaliban a 1993. Ƙasashe masu arziki sun ji tsoron kada baƙi su kwararo su ɗora wa baitulmalinsu nauyi, don haka aka gindaya sharaɗi biyu ga duk wanda ba ya aiki: ya zama yana da abin ciyar da kansa, kuma yana da inshorar lafiya. A 2004 aka tattara dokokin wuri guda a cikin umarni mai lamba 2004/38, wanda shi ne ya zo da izinin dindindin bayan shekara biyar, ya kuma riƙe sharaɗin inshorar ga ɗalibai a sashe na 7. Birtaniya ta shigar da shi cikin dokokinta ranar 30 ga Afrilu 2006.

A nan gizo yake saƙa. An ɗinka rigar ne da awon ƙasashen da ke da asusun inshora, aka miƙa wa ƙasar da ba ta da shi. Ɗalibin Ingila da ya tafi Jamus zai cika sharaɗin tun a mako na farko, ko yana so ko ba ya so, domin ba zai shiga aji ba sai ya cika. Ɗalibin Jamus da ya zo Ingila kuwa sai ya je ya yi rajista da likitan unguwa, a ba shi lambar NHS, a duba shi kyauta kamar kowa, kuma bisa doka, don dokar lafiya ta amince mazauni ne. Me zai sa ya yi zaton akwai sauran abin da ya rage? Amma Ma'aikatar Cikin Gida ta tsaya kan cewa NHS ba inshora ba ce. A wurinta, ɗalibi sai ya sayi inshorar kamfani, ko ya riƙe katin lafiya na Turai wanda ƙasarsa ta asali ta ba shi. Ofisoshi biyu na gwamnati ɗaya, ɗaya yana cewa kai mazauni ne, shigo a yi maka magani, ɗaya kuma yana rubuta a ɓoye cewa zamanka ba ya kan ƙa'ida.

Shekarun farko ba a tsananta ba. Ma'aikatar ta riƙa ba ɗalibai takardar rajista ba tare da ta nemi shaidar inshora ba, har sai da ta sauya hali a 2011. Ita da kanta ta amince da haka, shi ya sa ta yi rangwame ga wanda ya karɓi takardar rajista a matsayin ɗalibi kafin 20 ga Yuni 2011. Sai dai wannan takarda ba dole ba ce, kuma mafi yawan ɗalibai ba su taɓa nemanta ba, tunda ba ta da wani amfani a rayuwarsu ta yau da kullum. Rangwamen ya sami 'yan kaɗan ne kawai.

Hukumar Tarayyar Turai da ke Burasels ta ga matsalar tun da wuri. A Afrilun 2012 ta aika wa Birtaniya gargaɗi a rubuce cewa ƙin ɗaukar NHS a matsayin inshora ya saɓa wa dokar Tarayya, ta ba ta wata biyu ta gyara. Birtaniya ba ta gyara ba, Hukumar kuma ba ta kai ta kotu ba. Maganar ta kwanta shekara takwas, sai a Oktoban 2020 aka sake aika wata wasiƙar, bayan Birtaniya ta riga ta fice. Ina ganin wannan sakacin yana cikin manyan laifukan da ke cikin labarin nan. Da an kai ƙara a 2012, da watakila an raba gardamar tun kafin dubban mutane su shiga halin da suka shiga.

A cikin gida kuwa kotu ta goyi bayan gwamnati. A Yulin 2014 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yanke hukunci kan ƙarar wani ɗan Pakistan da ke auren 'yar Danmak. Matar ta yi aiki, sannan ta koma karatu, kuma a shekarun karatun ba ta da inshorar kamfani. Mai shari'a Arden ta ce samun magani a NHS bai cika sharaɗin ba, domin manufar sharaɗin ita ce kada baƙon da ba ya aiki ya zama nauyi a kan dukiyar ƙasar da ta karɓe shi, idan kuwa aka ce NHS ta wadatar, to sharaɗin ya zama fanko. Hujja ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Kowace ƙasa tana da ikon kare kuɗin masu biyan harajinta.

Amma a duba yadda abin yake a aikace. Ɗalibin da ya sayi inshorar kamfani ba a cire shi daga NHS ba, wanda bai saya ba shi ma ba a hana shi magani ba. Inshorar kamfani a Birtaniya an gina ta ne a matsayin ƙari a kan NHS, galibi ba ta ɗaukar gaggawa ko ciwon da mutum ya daɗe da shi, don haka ko mai ita idan ya karye a hanya asibitin gwamnati za a kai shi. Kenan sharaɗin bai tare ƙofar asibiti ba ko sau ɗaya. Inda ya tare shi ne ƙofar zama ɗan ƙasa, shekaru bayan an gama karatun, a lokacin da ba abin da mutum zai iya yi, domin ba kamfanin da zai sayar maka da inshorar shekarar da ta wuce. Da kare baitulmali ake nufi, da a ranar shigowa za a karɓi kuɗin.

Su wa abin ya fi ci? Ɗalibin da ke ɗan aikin gefe na gaske, ko a shago ko a gidan abinci, ana iya lissafa shi a matsayin ma'aikaci, ya tsira. Wanda ya gama digiri ya yi aiki shekara biyar a jere shi ma ya tsira, sai dai agogonsa ya fara ne daga ranar da ya kama aiki. Wanda ya faɗa ramin shi ne mai dogon karatu, wanda ya yi digiri na farko ya ɗora na biyu ya shiga na uku da tallafin karatu, shekara bakwai ko takwas yana ɗakin bincike, aka ce masa duk ba su ƙirgu ba. Haka wanda ya yi aiki shekara uku ya koma ƙaro ilimi na shekara guda, sai agogon ya tsinke ya koma farko. Akwai kuma wasu da ba ɗalibai ba amma igiya ɗaya ta ɗaure su: matan da suka auri 'yan Birtaniya suka ajiye aiki don rainon yara ko jinyar tsofaffi. Da mijin Bafaranshe ne mai aiki, da matar ta fake a inuwarsa. Da yake ɗan ƙasa ne, sai aka ɗauke ta a matsayin mai cin gashin kanta, wadda ita ma sai da inshora. Mace ta shekara ashirin a gidan mijinta, 'ya'yanta duk 'yan ƙasa, a ce mata ba ta cika shekara biyar ba.

A 2015 aka ƙara ɗaure tamau ta fuska biyu. Aka ce iyalan ɗalibi su ma sai da inshorar. Sannan daga 12 ga Nuwamba aka wajabta wa ɗan Tarayyar Turai ya fara mallakar takardar izinin dindindin kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Wannan ne ya haɗa inshorar da fasfon Birtaniya kai tsaye. Wata bakwai bayan haka aka yi ƙuri'ar raba gardama.

Ƙorafi ya yi yawa, jaridu suka ɗauka, ƙungiyar the3million da aka kafa bayan ƙuri'ar ta matsa wa 'yan majalisa. A Yunin 2017 gwamnatin Theresa May ta yi alkawarin cewa sabon tsarin da za a kafa wa 'yan Turai ba zai nemi shaidar inshora ba, kuma ta cika. Tsarin ya buɗe ga kowa ranar 30 ga Maris 2019, abin da yake dubawa shi ne ko mutum ya zauna a ƙasar, ba yadda ya zauna ba. Kafin wa'adin 30 ga Yuni 2021 an karɓi takardun nema sama da miliyan shida. Mutane suka yi ajiyar zuciya.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A Mayun 2020 Ma'aikatar Cikin Gida ta fitar da sabon jagora ga jami'an da ke duba masu neman zama 'yan ƙasa. Jagoran ya ce sabon izinin zama ba ya wanke abin da ya gabata, dole jami'i ya bincika ko zaman da mutum ya yi kafin ya samu izinin halattacce ne, idan kuma ɗalibi ne a lokacin, a tambaye shi inshora. Dokar zama ɗan ƙasa tana duba shekara biyar ta baya, ko uku ga mai auren ɗan ƙasa, ɓangaren kyawun hali kuma yana komawa har shekara goma. An bar wa jami'i damar yin afuwa idan ya ga dama, amma wa zai zuba fam 1,330, kuɗin da kusan dukkansa ba a mayarwa idan an ƙi, a kan ganin damar wani? Da yawa suka haƙura suka jira shekarun ɗalibcinsu su fita daga lissafi. Abin har ya taɓa jarirai, domin tun 1983 haihuwa a Birtaniya ba ta ba yaro ƙasa sai idan ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin a ranar haihuwar. Idan aka ce uwa ba ta samu dindindin ba saboda inshora, to matsayin ɗanta ma ya shiga ruɗani.

Warwara ta zo daga inda ba a zata ba. Wata mata 'yar Pakistan da ke zaune a Ayalan ta Arewa, wadda ɗanta da aka haifa a 2004 yake da ƙasar Ayalan, ta yi jayayya da hukumar haraji kan kuɗin tallafin yara da aka hana ta, wai don akwai lokutan da iyalin ba su da inshora. Kotun da ke sauraron ƙarar ta miƙa tambayar ga Kotun Tarayyar Turai a 2020, kafin wa'adin riƙon ƙwarya na ficewar Birtaniya ya cika ranar 31 ga Disamba, don haka kotun Turai tana da hurumi kuma hukuncinta ya hau kan Birtaniya. Ranar 10 ga Maris 2022 ta yanke cewa muddin ƙasa ta shigar da mutum cikin tsarin lafiyarta na gwamnati, kamar NHS, to yana da cikakkiyar inshorar da doka ke nufi. Ƙasa tana iya neman ya biya wani abu kafin ta shigar da shi, amma ba za ta shigar da shi kyauta ba sannan ta dawo ta riƙe wannan a matsayin laifinsa. Ma'anar hukuncin ita ce, tun 2006 waɗannan ɗalibai suna kan ƙa'ida, ma'aikatar ce ta karanta dokar a karkace. Wata uku bayan haka, daga 28 ga Yuni 2022, sabuwar dokar ƙasa da iyakoki ta ba jami'ai damar ɗaukar duk mai izinin dindindin a matsayin wanda ya cika sharaɗin halattaccen zama ba tare da tonon baya ba.

Yana da kyau a lura cewa manyan ƙararraki biyun nan, ta 2014 da ta 2022, duk iyalan Pakistan ne suka kai su. Bature mai fasfon Tarayya ko an ƙi ba shi takarda ba a cika taɓa shi ba, amma miji ko uwa da ba Bature ba, wanda zamansa gaba ɗaya ya rataya a kan matsayin ɗan uwansa, shi ne ke kwana da fargaba. A cikin wannan rukuni akwai 'yan Afirka da suka samu ƙasar Italiya ko Holan ko Sifaniya suka ƙaura Ingila da iyalansu.

Namu ɗaliban da ke tashi daga Kano ko Abuja ko Akara kuwa wata hanya aka bi da su. Har zuwa 2015 ɗalibin da ya zo dogon karatu yana samun magani a NHS ba tare da ya biya komai ba. Dokar shige da fice ta 2014 ta ƙirƙiro kuɗin lafiya na baƙi, aka fara karɓa ranar 6 ga Afrilu 2015: fam 150 a shekara ga ɗalibi, fam 200 ga sauran. A Janairun 2019 aka ninka, ya zama 300 da 400. A Oktoban 2020 ya koma 470 da 624. Ranar 6 ga Fabrairu 2024 ya kai 776 da 1,035. Cikin shekara tara kuɗin ɗalibi ya ninka fiye da sau biyar. Ana biya ne dunƙule, na dukan tsawon bizar, tun kafin a duba takardun mutum. Mai digirin shekara uku zai zuba fam 2,328 kafin a ɗora na 'yan watannin da ake ƙarawa a kan biza, kuma duk wanda aka yarje masa zuwa da iyali sai ya biya wa kowane kai. Idan ya gama ya nemi bizar zama bayan karatu ta shekara biyu, sai ya sake kawo fam 2,070, ko da yana aiki ana cire masa haraji. Ƙarin na 2024 ya faɗo ne a daidai lokacin da naira ta zube bayan sakinta da aka yi a Yunin 2023, kuma duk gidan da ke da yaro a can ya ji a jikinsa.

Kuɗin yana da tsada, kuma ban ga adalci ba a karɓi haraji a hannun ma'aikaci sannan a sake karɓar kuɗin asibiti a hannunsa. Duk da haka yana da abu guda da inshorar Turawa ta rasa: a fili yake. An faɗa maka nawa ne, ka biya, an ba ka lamba, ba wanda zai zo bayan shekara goma ya ce ka tsallake wani abu. Tun 1 ga Janairu 2021 sabon ɗalibin da ya zo daga Faransa ko Jamus shi ma biza yake nema, shi ma wannan kuɗin yake biya.

Sai dai kada a ɗauka sharuɗɗan da ke kwance suna jira sun ƙare. Shekarun bizar ɗalibi ba sa shiga lissafin shekara biyar na ma'aikata, suna shiga ne kawai a hanyar dogon zama ta shekara goma, kuma ita ma giɓi a tsakanin biza da biza yana iya tsinka ta. A Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fitar da takardar manufa da ke neman mayar da shekara biyar ɗin kanta goma. Akwai kuma wanda ya fi kusa da gidajenmu. Kuɗin lafiyar da ɗalibi ya biya nasa ne shi kaɗai, bai rufe mahaifiyarsa ko surukarsa da ta zo da bizar ziyara don taya jego ba. A Ingila sashen gaggawa da likitan unguwa kyauta ne gare ta, amma idan aka ba ta gado a asibiti za a caje ta kashi 150 cikin ɗari na kuɗin maganin, kuma bashin NHS da ya kai fam 500 ba a biya ba yana iya zama dalilin hana mai shi biza nan gaba.

Don haka ɗan'uwa mai karatu, idan kana da ɗa ko ƙanwa a can, ko kai ne ke shirin tafiya, ka adana lambar kuɗin lafiyar da ka biya da kowace wasiƙar biza da kwanakin fita da shigarka, tun daga ranar farko. Ka je ofishin ɗaliban waje na jami'arka a shekarar farko ka tambayi abin da za a nema a hannunka ranar da za ka nemi zaman dindindin, ba abin da ake nema yau kaɗai ba. Idan kuma Hajiya za ta zo ganin jika, a saya mata inshorar tafiya kafin ta hau jirgi.